Sojan ƙasa na Ingila a yaƙin Kirimiya: ina takardunsa?

Mai neman sani:
Salamu alaikum. Ana neman bayanan aikin wani sojan ƙasa na Ingila da ya yi yaƙin Kirimiya (1854 zuwa 1856). An duba jerin WO 97 (takardun aikin sojojin Ingila) a shafin intanet na Findmypast, babu sunansa. Me ke kawo haka, kuma ina za a nufa?

Ma'ajin takardu:
Wa alaikumus salam, Malam. Rashinsa a WO 97 ba abin mamaki ba ne. Takardun Asibitin Sojoji na Chelsea ne, wanda ya kula da fanshon sojoji, kuma kafin 1883 galibi waɗanda aka sallama da fansho ne kawai a ciki. A lokacin, sojan ƙasa kan sami fansho bayan aikin shekara 21, ko in rauni ko ciwo ya hana shi aiki. Wanda ya mutu a bakin aiki ko ya gudu, da wuya a gan shi a nan. A Kirimiya kuwa kwalara da sauran cututtuka sun kashe sojoji fiye da harsashi.

Abin yi na farko, a gano rajimantinsa, wato rundunar da yake ciki. Rajistar lambobin yabo, WO 100, za ta nuna wannan, har da wuraren da ya yi faɗa: Alma, Balakilaba, Inkaman, Sebastofol. Daga nan sai littattafan kiran suna da biyan albashi, WO 12, a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, Landan. Wata uku-uku ake cika su. A bi su baya har shigarsa soja, a bi gaba har inda sunan ya ɓace. Nan ake rubuta dalili.

Ɗalibin tarihi:
Ƙari kaɗan, Malam. In mutuwa ce, a leƙa WO 25, inda ake samun rajistar waɗanda suka mutu, wani lokaci har magajinsa ana rubutawa.

Mai bin diddigi:
Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lambar soja, wato lambar shaidarsa a rajimanti. Kowace rajimanti da nata jerin, don haka mutum biyu na iya riƙe lamba ɗaya, kuma wanda aka canza wa rajimanti sabuwa ake ba shi. Kada a amince da shekarun haihuwa ma: aikin da aka yi kafin cika 18 ba ya shiga lissafin fansho, yara da yawa sun ƙara wa kansu shekaru. Sannan akawu yadda ya ji suna haka ya rubuta, sai a gwada rubutun sunan iri-iri.