Ganyen pakis da maƙwabta 'yan Indonesiya ke ci

Hajiya, daga Jidda:
Assalamu alaikum. Maƙwabciyata 'yar Indonesiya ta aiko mini da miyar wani ganye mai nannaɗadden kai da suke kira pakis, wadda aka dafa da madarar kwakwa. Shin a ina yake fitowa, kuma babu illa a cinsa?

Malami, daga Makka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsiro ne na daji wanda ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya, yana yaɗuwa ta wata ƙura da ke bayan ganyensa, kuma yana son inuwa da laima a bakin rafuka a Indiya, Indonesiya, Malesiya da Filifin, shi ya sa ba zai rayu a busasshiyar ƙasar Hijaz ba. Sabon tohon kaɗai ake tsinka, kafin ya warware.

Ma'aikaciyar jinya, daga Madina:
Yaya, ki ci idan an dafa shi sosai. Hatsarin yana wajen tsinka, domin akwai ɗan'uwansa mai kama da shi, Pteridium, wanda ke ɗauke da gubar da aka danganta da kansar ciki, har shanu yakan kashe. Ki tambaye ta inda ta saye shi.