Musayar waƙa: Wa ya fara hawan igiyar ruwa?

Ɗan Zazzau:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Tambaya na kawo, ina jiran amsawa.
Masu tsayuwa a katako bisa igiyar teku,
Na ce Turawan Kalifoniya ne da farawa.

Hajiya Binta:
Haba ɗana, kar ka ba baƙo gadon wasu,
Na mutanen Hawai ne, tun kakanni suke hawa.
Sarki da nasa katakon, olo, dogo mai nauyi,
Na talaka alaia, gajere mai sauƙin juyawa.
Mishan suka sauka a 1820,
Suka ƙi jinin tsiraici da cacar da ake zubawa.
Cututtukan baƙi suka ci jama'a,
Wasan ya ja baya har ya kusa ɓacewa.

Ɗan Zazzau:
Na rusuna, Hajiya, a ƙara mini haske,
Wa ya tashe shi bayan dogon kwantawa?

Malam Sani Damagaram:
Duke Kahanamoku, haifaffen Honolulu ta Hawai,
Gwanin iyo ne, ba a kamo shi a ruwa.
Zinare ya ci a Olamfik na 1912,
Ƙarshen 1914 Ostareliya ya yi isowa.
Ya sassaƙa katako da hannunsa a Sidni,
A gaɓar Freshwater ya hau, ana ta sowa.
A 1925 jirgin masunta ya kife a Newport Beach ta Kalifoniya,
Mutum takwas ya fisshe, a katakonsa yake ɗorawa.

Hajiya Binta:
Malam, ka tsallake George Freeth, ban yarda ba,
Tun 1907 a Kalifoniya yake nunawa.
Shi ma ɗan Hawai ne, mai ceton masu nitsewa,
Murar 1919 ta ɗauke shi bai kai ga tsufa ba, wa iyazu billahi, babu tsawaitawa.
Tom Blake kam a ba shi nasa, Ba'amurke ne,
Ya rarake katako, nauyi ya yi raguwa.

Baba na Nima:
Ku dakata, 'yan uwa, mu ma muna da baki,
Nan Ankara ta Gana teku ba baƙo ba ne ga ƙabilar Ga, wato Gawa.
Wani Bature ya rubuta tun shekarun 1830,
Yara da alluna a ƙirji, igiya na turowa.

Hajiya Binta:
Na ji, Baba, amma rub da ciki yaran suke,
Su Duke a tsaye suke, kawo hujjar tsayuwa!