Neman kalmar Hausa: regenerative medicine, kafin la'asar ɗin Alhamis

Mai Shirin Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da la'asar za mu naɗi shirin minti 12 a kan Shinya Yamanaka, masanin Japan da suka raba kyautar Nobel ta likitanci da John Gurdon na Ingila a 2012. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: regenerative medicine, stem cell, da citation, domin rabin shirin a kan yadda ake auna tasirin mai bincike ne. Ta farkon ce ta fi damuna, za ta fito aƙalla sau goma. A daftari na sa "maganin sake halitta", amma kunnena ya ƙi yarda. A taimaka.

Tsohon Mafassari:
Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya, soke shi. Magani a bakin Bahaushe abin sha ne ko na shafawa, alhali fanni ake nufi a nan, wato likitanci. "Sake halitta" kuwa, kafin ka kai ƙarshen jimlar wani ya ce wa'iyazu billahi ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha. Sa "likitancin sabunta sassan jiki". Tana da tsawo, amma ba za ta jawo maka kiran waya daga malamai ba.

Likitar Jini:
Kafin a zaɓi kalma, a raba abu uku da ake cakuɗawa. Akwai warkewa da tabo: jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, naman wurin ya mutu, jiki ya cike gurbin da tabo mai tauri wanda ba ya bugawa. An toshe ɓaraka, aikin bai dawo ba. Akwai dashe: a ciro ƙodar wani a sa wa wani, shi kuma ya yi ta shan maganin danne garkuwar jiki muddin tana jikinsa. Na ukun shi ne namu: naman da ya lalace ya dawo irin nasa, yana aikinsa. Hanta tana yin haka da kanta, a yanke kusan biyu bisa uku ta cike nauyinta a hankali, ko da yake ba ta komawa siffarta ta da. Duk kalmar da ba ta raba na uku da na farko ba, ba ta yi ba. Saboda haka a cire "gyara" da "warkarwa". "Farfaɗowa" kuma ta wanda ya suma ce.

Malamin Bayoloji:
Me ya sa muke neman nesa alhali ga ta a bakin ƙofa? TOHO. A sare darbejiya, bayan mako uku ta yi toho daga kututturen. Ƙadangare ya yar da wutsiya, wata ta toho. Ma'anar regeneration ke nan ba ragi ba ƙari. "Likitancin toho". Kalma biyu, yaro ɗan firamare ya gane, manomi ya gane. "Sabunta" ai ta lasisin tuƙi ce da fasfo.

Likitar Jini:
Malam, tana da daɗi, amma rabin fannin kawai ta rufe. Yawancin aikin ba a jikin majiyyaci yake tsirowa ba, a ɗakin gwaji ake renonsa. Dubi aikin Anthony Atala a Amurka: a yanko ɗan guntun mafitsarar majiyyaci, a raini ƙwayoyinsa su yawaita, a shimfiɗa su a kan wani ƙwarangwal mai siffar mafitsara wanda jiki zai narkar daga baya, bayan mako bakwai zuwa takwas a ɗinka wa mai shi. Mutum bakwai ya ba da rahotonsu a mujallar Lancet a 2006. Wannan ba toho ba ne. Wutsiyar ƙadangaren ma, sabuwar guringuntsi ne a cikinta, ba ƙashi ba.

Malamin Bayoloji:
Hajiya, ai ko albasa sai an yafa iri a fage, an rene shi, sannan a dasa. Ba wanda ya ce don haka ba tsiro ba ce.

Ɗan Damagaram:
Malam, faɗi kalmar da ƙarfi sau uku. Wasu toho suke cewa, wasu tofo. A rediyon da batirinsa ya yi sanyi, "likitancin tofo" zai fito "likitancin tofi". Washegari layi a ƙofar tashar, kowa da gorar ruwansa.

Baba Mai Kishin Harshe:
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk kuna ta "likitanci, likitanci" kamar gadon kakanninmu ce. Likita daga dokta ta fito, asibiti daga bakin Bature. Za ku ƙirƙiri kalma a kan harsashin aro, ku ce kun yi wa Hausa hidima. Larabawa sun ce aɗ-ɗibbut tajdidi, kuma ɗibbu ta riga Bature zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. A ce "ɗibbun tajdidi" a huta.

Tsohon Mafassari:
Baba, Allah ya ƙara girma, ɗibbu ma aro ce, kuma ka san inda ta ƙare a bakinmu: tsibbu. Malamin tsibbu ba shi ne mai aiki da madubin ƙara girma a Jami'ar Kiyoto ta Japan ba. Tajdidi kuwa an riga an ba Shehu Mujaddadi, duk mai jin ta addini zai kawo a ransa.

Baba Mai Kishin Harshe:
To laifin wa? Ku 'yan boko ne kuka bar kalmomi suka lalace. Jafanawan da kuke yabo da harshensu suke kiran abin, ba su jira London ba.

Ɗan Damagaram:
Su ma da haruffan da suka aro daga Sin suke rubuta shi, Baba. Ni ƙorafina daban ne. Duk wannan gardamar daga Ingilishi kuke fassarowa. Mu nan médecine régénérative muke gani a takarda, kuma tashoshinku har Maraɗi da Damagaram ake kama su. Ku yanke a Kano da Kaduna, sai dai mu ji a iska, sannan a ce Hausarmu ce ba daidaitacciya ba.

Mai Shirin Kimiyya:
Don Allah malamai, Alhamis jibi ce. Ga babbar matsalar ma: na zo fassara abin da Yamanaka ya yi, sai jimlar ta fito "ya sa ƙwayoyin halitta huɗu cikin ƙwayar halitta".

Mai Bincike a Ɗakin Gwaji:
Yallaɓai, wannan ciwon ya daɗe, kafofin labarai suna kiran cell da gene da DNA duka ƙwayar halitta. A shirinka raba su: cell ƙwayar jiki, gene ƙwayar gado. Ga yadda aikin yake, don jimlolin su zauna daidai.

Yamanaka da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi sun zaɓi ƙwayoyin gado 24 da suke zaton su ne ke riƙe ƙwayar ɗan tayi a halinta na iya zama komai. Suka ɗora su a kan wani bairos suka shigar cikin ƙwayoyin fatar ɓera. Da aka zuba duka 24, wasu ƙwayoyin suka koma baya, suka zama kamar ƙwayar ɗan tayi. Sai suka riƙa cire ɗaya-ɗaya suna duba wadda in babu ita abin ba ya yiwuwa, har suka rage huɗu: Oct3/4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Mujallar Cell ta buga a 2006. A 2007 suka maimaita da ƙwayar fatar mutum, daidai lokacin da ayarin James Thomson a Amurka ya kai ga haka da wani haɗin na daban.

Kar ka bar inda yake ɓaci, nan ne masu sauraro suka fi buƙata. A tsarin farko ko ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin ba ya juyawa, kuma sai an jira makonni. c-Myc tana da hannu a cutar daji. A wani gwajin na 2007 kusan ɗaya cikin biyar na 'ya'yan ɓerayen da aka samar da irin waɗannan ƙwayoyin sun yi ƙari. Bairos ɗin farko yana cusa kayansa cikin gadon ƙwayar a duk inda ya faɗa, shi ya sa yanzu aka koma hanyoyin da ba sa barin saura, kamar bairos na Sendai. Sannan in aka dasa nama alhali da sauran ƙwayoyin da ba su gama rikiɗa ba, suna iya yin ƙari mai haɗe da gashi da guringuntsi da haƙori a wuri guda.

Stem cell kuma ni "uwar ƙwaya" nake so. Kamar uwar kuɗi take: ta rabu biyu, ɗaya ta tafi ta zama jini ko fata, ɗaya ta zauna uwa.

Tsohon Mafassari:
Misalin ya yi, kalmar ce ban amince da ita ba. "Uwar ƙwaya" ba tare da "jiki" ba, 'yan NDLEA ne za su fara kasa kunne. "Ƙwayar tushe" ta fi tsabta.

Likitar Jini:
Kowacce aka ɗauka, a fara da ɓargo, shi mutanenmu suka sani. Uwayen jini a ɓargo suke. Jar ƙwayar jini lafiyayya takan yi kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20. Dashen ɓargo shi ne sauya uwayen, kuma an fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Wannan ya riga ya zama magani, da haɗarinsa da tsadarsa. Na Yamanaka bai kai nan ba. Dashen farko da irin ƙwayoyinsa an yi shi a Kobe ta Japan a 2014 ƙarƙashin likitar ido Masayo Takahashi, wani ɗan faifan nama da bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba a bayan idon wata dattijuwa. Ganinta bai ƙaru ba, bai kuma ci gaba da raguwa ba. Majiyyaci na biyu an fasa yi masa saboda an ga canji a ƙwayoyin gadon naman da aka raina. Wannan ne dalilina na biyu na ƙin toho: tana alkawarin ƙafa za ta tsiro, kuma masu sayar da ƙwayoyin ƙarya da sunan stem cell irin wannan kalmar suke jira.

Ma'aikaciyar Laburaren Jami'a:
Ba wanda ya taɓa ta ukun. Citation "ambato" ce, kar a ce "kafa hujja" ko "yabo". Ana ambaton takarda don a ƙaryata ta. Takardun Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu a mujallar Science, na 2004 da 2005, an janye su a 2006 bayan an gano ƙirƙirar sakamako, kuma duk wanda ya rubuta a kan badaƙalar ya ƙara musu lissafi.

In za ka kawo h-index, ce "ma'aunin h", Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. Mai h 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Aibinsa, takardar Yamanaka ta 2006 ɗin nan da aka ambata sau dubbai, ɗaya tak take a wannan ma'aunin, daidai da wadda ta tsallake da ƙyar. Kuma rumbunan ƙirga ambato, Google Scholar da Scopus da Web of Science, kowanne da adadinsa, na farkon yakan fi yawa, don haka faɗi inda ka ɗauko da ranar. Impact factor na mujalla ne, matsakaicin ambaton abin da ta buga a shekaru biyun baya, ba na mutum ba. Ga abin da zai fi kama kunne: gwajin Gurdon da kwaɗi, inda ya nuna ƙwayar hanji tana ɗauke da cikakken gadon dabbar, a 1962 ya fito, shekarar da aka haifi Yamanaka. Ɗaya ya jira shekara 50, ɗaya shekara 6, suka karɓa rana guda.

Malamin Bayoloji:
Duk na ji. Amma ku ƙirga: li-ki-tan-cin sa-bun-ta sas-san ji-ki, gaɓa goma sha ɗaya, sau goma a minti 12. Kuma "sassa" ba daidai ba ce, jini ba sashe ba ne.

Tsohon Mafassari:
Nan kam ka kama ni. A cire sassa: "likitancin sabunta nama". A'a, wannan ta mahauta ce. "Likitancin sabunta jiki".

Ɗan Damagaram:
Wannan kuma tallar man bilicin.

Mai Shirin Kimiyya:
Lokaci ya ƙure, ga abin da zan karanta. Karon farko: "likitancin sabunta sassan jiki, wato sa naman da ya lalace ya dawo irin nasa yana aikinsa, ba tabo ba". Daga nan "likitancin sabuntawa" kawai. Toho zan sa ta a misalin darbejiya sau ɗaya, ba a matsayin suna ba. Ambato ta zauna, ƙwayar jiki da ƙwayar gado sun zauna. Stem cell zan ce "ƙwayar tushe" in kawo misalin uwar kuɗi, kowa ya samu rabi. Na gode ƙwarai.

Baba Mai Kishin Harshe:
Likitancin dai yana nan. Allah ya kyauta.

Malamin Bayoloji:
A rediyo ku yi yadda kuka ga dama. A allo toho za a rubuta, da h, kuma a ja mata layi.