Wace kalmar Hausa za mu ba "quote" a fom ɗin inshorar gida?

Mai fassara, Ikeja: Salamu alaikum jama'a. Wani ƙaramin ofishin dillancin inshora ya ba ni aikin mayar da fom ɗinsu na intanet zuwa Hausa, suna son jawo mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Fom ne na inshorar gida. Mutum ya cike a waya: ina gidan yake, hawa nawa ne, ginin bulo ne ko katako, nasa ne ko haya yake yi, ruwa ya taɓa shiga ko bai taɓa ba. Daga nan ya danna maɓalli, su aiko masa da abin da suke kira "quote". Komai ya fassaru lafiya sai wannan kalma. Farashi? Ƙiyasi? Ku fitar da ni.

Ɗan Obalende: Yaya, me ya hana ka bar ta kwoteshan? Magina da kafintoci da masu wayarin duk haka suke cewa, kuma kowa na ganewa. Ai inshora da fom ma aro ne.

Malamin Agege: Aro ba laifi ba ne idan gida babu. Inshora mun aro ta ne don ba mu da ita, fom ma haka. Amma a ce Bahaushe, wanda kakanninsa suka yi fatauci har Gwanja, ya rasa kalmar faɗin kuɗin abu kafin ciniki? Haba. Ni dai ƙiyasi na zaɓa. An duba bayaninka, an lissafa, an ce kusan kaza za ka biya.

Ma'aikaciyar inshora, Yaba: Malam, a gafarce ni, ƙiyasi zai kawo mana rikici, domin a cikin fom ɗin akwai wani ƙiyasin na gaske, kuma mai gida ne yake yin sa. Akwai gurbin da ake tambayar nawa za a kashe a sake gina gidan idan ya ƙone ƙurmus. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Wani sai ya rubuta kuɗin da za a sayi gidan a kasuwa, alhali a Legas filin ne ke cinye babban kaso na kuɗin, kuma wuta ba ta cin fili. Wani kuma ya rage da gangan don kuɗin da zai biya ya yi sauƙi. To ga abin da ke biyo baya. Mu ce sake ginin zai ci naira miliyan 40, shi ya rubuta miliyan 20. Gobara ta tashi daga ɗakin janareta, ta yi ɓarnar miliyan 10. Kamfani zai ce rabin darajar gidan ka sa a inshora, don haka rabin asarar za mu biya: miliyan 5. Wannan sharaɗi yana cikin yawancin takardun inshorar gobara, kuma ba kowa ke karanta shi ba. Saboda haka a bar wa wannan gurbi kalmar ƙiyasi, "ƙiyasin kuɗin sake gini". Abin da kamfani ke aikowa kuwa adadi ne tsayayye, da sharuɗɗansa, da ranar da zai daina aiki. Ya wuce ƙiyasi.

Mai fassara, Ikeja: To farashi ke nan?

Ma'aikaciyar inshora, Yaba: Shi ma a'a. Farashi na kowa da kowa ne. Wannan kuwa naka ne kai kaɗai. Gida biyu iri ɗaya, ɗaya a tudun Agege, ɗaya a Agiliti inda ruwa ke shiga idan aka saki madatsar Oyan kogin Ogun ya cika, ba lallai su samu adadi ɗaya ba. Wani kamfanin ma yana iya cire ambaliya daga abin da zai ɗauka, ko ya ce sai an turo mai dubawa tukuna.

Baba na Mile 12: Yara, kuna ta kewaye. Sunan abin nan tayi. Tun ina saurayi nake sauke albasa a kasuwar nan. Mutum ya zo ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka sallama, sannan ciniki ya faɗa. Kafin a sallama, buhu naka ne, kuɗi nasa ne, kowa na iya juyawa ya tafi. Abin da 'yar nan ta bayyana ai shi ne.

Malamin Agege: Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai gyara. A kasuwa mai saye ne ke tayawa. Ko a labarin ƙwallo da muke ji a rediyo, ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ce ke miƙa tayi. Nan kuwa mai sayarwa ne ke faɗin kuɗi. Kada mu juya kalmar a kanta.

Hajiya ta Idi-Araba: Malam, ba a taɓa kawo maka tayin fili ba? Ni dillalai kullum suna ƙofar gidana: "Hajiya, ga tayin wani gida a Mushin." Mai sayarwa ne ya aiko su. Ana yi wa mutum tayin aiki, ana yi masa tayin abinci. Duk wanda ya miƙo abu yana jiran ka karɓa ko ka ƙi, tayi ya yi, ko daga wane gefe yake.

Kuma ni abin da ya sa na tsaya a kan tayi daban ne. Wata ƙawata mai gidan haya, ɗanta ya cike mata irin wannan fom, saƙo ya shigo wayarta da tambarin kamfani da adadin kuɗi da lambobi reras. Ta ajiye shi, ta riƙa gaya wa 'yan haya gidan yana da inshora. Ko sisi ba ta biya ba. Sai da ƙaninta ya zo daga Kano ya karanta ya ce mata wannan fa ba komai ba ne tukuna. Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba. Da saƙon ya ce "ga tayinmu", wallahi da ta gane, don ta san tayi ba ciniki ba ne.

Ma'aikaciyar inshora, Yaba: Hajiya ta taɓo wurin. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce idan ba a biya ba, babu kariya. An sa ta cikin Dokar Inshora ta 2003, kuma NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta matsa a kan aiwatar da ita daga Janairun 2013. Don haka kalmar da za ta tuna wa mutum cewa da sauran magana ta fi mini wadda za ta burge malamai. A yi haƙuri, Malam.

Malamin Agege: Babu komai, 'yata. Hajiya ta kayar da ni da tayin fili. Na sallama. Sharaɗina ɗaya: kada a bar ta tsirara a wurin da za ta rikita mutum. A kanun shafi a rubuta "tayin inshorar gida", a maɓalli kuma "Nemi tayi" ya isa.

Ɗan Obalende: Masu takaful, wato inshorar Musulunci, fa? Da yawa cikin mutanenmu ba za su taɓa inshorar da aka saba ba saboda maganar riba.

Ma'aikaciyar inshora, Yaba: Tayi ya hau can ma. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ga Noor Takaful nan Legas, ga Jaiz Takaful. Abin da zai sauya shi ne sunan kuɗin. A inshora "kuɗin inshora", a takaful "gudummawa", tunda asusu ɗaya ake zubawa don a tallafi wanda asara ta samu.

Mai fassara, Ikeja: Madalla. Ga yadda na sa. Kanu: "Fom ɗin neman tayin inshorar gida". Maɓalli: "Nemi tayi". Saƙon da zai biyo baya: "Ga tayinmu. Gidanka bai shiga inshora ba sai ka amince ka biya." Na kuma ƙara layi a ƙasa mai neman izinin mutum kafin a ajiye lambarsa da adireshinsa, saboda dokar kare bayanai ta 2023.

Baba na Mile 12: Ɗana, a sa wani maɓallin kusa da shi, na wanda tayin bai yi masa ba. A rubuta "Albarka".

Mai fassara, Ikeja: Baba, zan kai wa masu ofishin, amma sai na yi musu dogon bayani, don su Yarabawa ne, za su ɗauka addu'a ake yi musu. Saura kalma ɗaya kuma: kuɗin da mai gida ke fara ɗauka a kansa kafin kamfani ya biya sauran asarar. Hajiya, me za ki kira shi?