Neman kalma: me za mu kira easement da Hausa?

Mutum yana da takardar fili a hannunsa, amma manyan wayoyin lantarki sun bi ta samansa, ko bututun gas ya bi ta ƙarƙashinsa, sai doka ta hana shi gini a wannan tsirin, ta hana shi dasa dogayen itatuwa ko haƙa rami mai zurfi, ta kuma ba ma'aikatan kamfani damar shiga su yi gyara. Wannan shi ne abin da lauyoyin Ingilishi ke kira easement, Faransawa kuma servitude, kalmar da sashe na 637 na kundin dokarsu na 1804 ya bayyana ma'anarta.

Wasu sun kawo "ƙwace fili", amma ba ta dace ba, domin mallaka ba ta bar hannun mai ita ba. "Izini" ma ta gaza, tunda mai ba da izini yana iya janye shi, alhali wannan nauyi a kan ƙasar yake, ko an sayar da ita yana bin ta zuwa hannun mai saye. "Burtali" ta burge ni, sai dai hanya kawai take nunawa, ba ta ce komai game da abin da aka hana ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin mas'alar, suna ce mata haƙƙul irtifaƙi. A Muwaɗɗa ta Malik an ruwaito cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, har Sayyidina Umar ya rantse cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikin Muhammadu ne. Gonar dai ta ci gaba da zama ta mai ita.

Saboda haka nake ganin kalma ɗaya ba za ta ɗauki kayan ba. Ikon da kamfani ke da shi mu ce masa "haƙƙin ratsawa", tsirin da aka taƙaita amfaninsa kuwa "hurumin waya" ko "hurumin bututu", domin Bahaushe ya riga ya san hurumi da wurin da aka keɓe, ba a taɓa shi yadda aka ga dama. Mai rubuta yarjejeniyar ciniki sai ya ce: filin yana ɗauke da haƙƙin ratsawa, hurumin wayar kuma yana gefen gabas.