Ramukan USB na kwamfutata sun daina aiki, madabod ne ko wuta?

Salam ƴan uwa, don Allah masu gyaran kwamfuta ku taimaka min. Desktop ce mai Windows 10, da ita nake buga wa mutane takardu a shago, tun ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta mutu ta tashi ramukan USB na gaba guda biyu suka mutu gaba ɗaya, ko fitilar filash ba ta kamawa. Na baya kuma maus da kibod suna yi, amma da na sa firinta ko filash sai maus ɗin ya tsaya cak, sai saƙo ya fito wai USB device not recognized, a Device Manager (inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta) kuma alamar rawaya ce da lambar matsala Code 43.

Na goge direbobin USB Root Hub (manhajojin da ke tafiyar da ramukan USB) na sake kunnawa suka dawo da kansu, babu canji. Na kashe selective suspend (saitin da ke sa ramukan USB barci don tanadin wuta), na duba BIOS (saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ramukan duk a kunne suke, na cire batirin CMOS ɗin nan CR2032 mai riƙe saitin BIOS na mayar, na buɗe kwamfutar na zare wayar ramukan gaba daga madabod (babban allon da komai ke haɗe da shi) na sake sokawa. Filash ɗin lafiyarsa ƙalau a laftof. Abin da ya fi ɗaure min kai, ko a cikin BIOS kibod yana yankewa in filash na jiki, don haka ban yarda matsalar Windows ba ce.

Ta yaya zan gane ko power supply (akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta) ne ba ya ba da 5V cikakke da USB ke buƙata ko madabod ɗin ne ya ƙone, kafin in kashe kuɗi a katin USB na PCIe (katin da ake sokawa a madabod don ƙara ramukan USB)?