Muhawara: Ritayar jirgin yaƙin A-10, hikima ce ko ganganci?

Nura: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga magana na kawo. Sojan saman Amurka sun dage sai sun yi wa jirgin A-10 ritaya. Tun 2023 ake kwashe su kaɗan-kaɗan ana kaiwa filin ajiye tsofaffin jirage na Davis-Monthan a jihar Arizona, waɗanda ke Koriya ta Kudu ma an janye su a 2025. Ni a wurina ganganci ne. Duk duniya babu jirgin da ke rufa wa sojan ƙasa baya kamarsa, F-35 ɗin da aka ce zai gaje shi kuwa ko ƙafarsa bai kamo ba. Wanda bai yarda ba ya fito.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Na fito. Jirgin da ya fara tashi a 1972, aka rufe ƙera shi a 1984 bayan an yi guda 716, shi kake so a ci gaba da lallaɓawa? Mafi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara arba'in, ya girme matuƙan da ke tuƙa shi.

Nura: Jirgin jefa bama-bamai na B-52 fa? Ai ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya ce a jingine shi.

Injiniya Bashir: B-52 daga nesa yake sakin makami ya juya. A-10 sai ya sauko inda ake harbinsa. Aikin ba ɗaya ba ne.

Malam Habu: Injiniya, bari in sa baki, don saukowar nan da kake gani aibi ita ce dalilin ƙera shi. Kamfanin Fairchild Republic bindiga ya fara ɗauka, sannan ya gina mata jirgi. GAU-8 ke nan, mai baki bakwai, harsashi milimita 30, tana aman kusan 3,900 a minti guda. Tsabar girmanta sai da aka gusar da tayar gaba zuwa dama don ta sami wuri, in ka kalli hotonsa ta gaba za ka gani. Matuƙin yana zaune ne cikin kwarya ta ƙarfen titaniyam mai nauyin kilo kusan 540. Injina biyun an ɗaga su sama ta baya, nesa da tsakuwa in an sauka a filin da ba kwalta, wutsiya biyun kuma suna ɗan kare zafin hayaƙinsu daga makami mai bin zafi. Abin da ya fi burge ni shi ne, in bututun haidurolik, wato na man da ke motsa sassan sarrafa jirgi, duka suka mutu, akwai wayoyin ƙarfe da matuƙi zai ja da ƙarfin hannunsa. A Afrilun 2003 aka harbi jirgin Kyaftin Kim Campbell a saman Bagadaza, haidurolik ya tsiyaye, jikin jirgin duk ɓula, ta komo da shi gida da hannu ta sauka lafiya. A gwada wannan da F-35 mu gani.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma Malam, ban musa ko ɗaya ba. Amma wa aka yi wa wannan sulken? Tankokin Tarayyar Sobiyet da ake tsoron za su kwararo Jamus ta Yamma, da bindigogin kakkaɓo jirgi na wancan zamanin. Ko a yaƙin Tekun Fasha na 1991 da ake yi masa kirari, ranar 15 ga Fabrairu an harbo guda biyu a kan zaratan dakarun Iraƙi na Republican Guard, sai kwamandan yaƙin sama Janar Chuck Horner ya ja da su baya kusa da iyakar Saudiyya, ya bar wa F-16 can ciki. Tankokin da aka ce A-10 ya lalata kuma yawanci da makami mai linzami na Maverick ne, ba da bindigar da ake ta yayatawa ba. Maverick kuwa wasu jiragen ma suna ɗaukarsa.

Nura: An ce tanka sama da 900 ya fasa a yaƙin. Ko da sanda ya fasa su, ai ya fasa.

Injiniya Bashir: Adadin da matuƙa suka kawo ne, an daɗe ana jayayya a kansa. Ku dubi Yukiren kawai. Su-25, wanda shi ne takwaransa na Rasha, ɓangarorin biyu duk sun yi asararsa da yawa, har ta kai matuƙa suna tsayawa nesa su ɗaga hanci su watsa roka su gudu. Soja ɗaya da makami a kafaɗa ya ishi jirgin da gudunsa bai wuce kilomita 700 a awa ba. Amurka yanzu Sin take hange, tekun Fasifik kuma faɗi gare shi. Kafin A-10 ya isa an tashi daga kasuwa.

Sadiya: Ku yi haƙuri in kawo abin da kuka tsallake. Ana ta cewa abokin sojan ƙasa ne, amma a Fabrairun 1991 jiragen A-10 suka buɗe wa motocin sulke na Birtaniya wuta, sojoji tara suka mutu. A Maris 2003 aka sake, wani sojan Birtaniya mai suna Matty Hull ya rasu, bidiyon cikin jirgin har ya fito daga baya. Idon matuƙi da ake yabo, shi ma yana kuskure.

Malam Habu: Gaskiya ne 'yata, kuma abin takaici ne. Sai dai na sama can ma ba su tsira ba. A Yunin 2014 jirgin B-1 ya saki bama-bamai a Zabul ta Afganistan, sojojin Amurka biyar suka mutu. Abin da nake tsoro ba ƙarfen ba ne, mutanen ne. Matuƙin A-10 aikinsa ɗaya tun daga horo har ritaya: magana da sojan da ke kwance a rami yana ba shi kwatance, gane wane ne namu wane ne nasu. Matuƙin F-35 ayyuka birjik ke kansa, wannan ɗaya ne a ciki, ba kuma shi ne na gaba ba. Ranar da aka rufe rundunonin A-10 waɗannan mutanen watsewa za su yi.

Injiniya Bashir: A nan kam maganar Malam tana da nauyi. To a riƙe horon, a saki jirgin.

Nura: A riƙe horon a kan wane jirgi? F-35 harsashi kusan 180 ke cikinsa, A-10 fiye da 1,100.

Injiniya Bashir: Yi lissafi mana Nura. Harsashi 65 a daƙiƙa, ko daƙiƙa ashirin ba za a yi ba ya ƙare. Ko a Afganistan da Iraƙi mafi yawan agajin sama F-16 da F-15E da B-1 da marasa matuƙi irin MQ-9 suka kai, da bama-bamai masu bin saiti. Bidiyon ƙarar bindigar nan da ke yawo a YouTube ne ya sa kuke ganin shi kaɗai ya yi yaƙin.

Sadiya: Kuma kada a manta da siyasa. Tun 2014 sojan sama ke neman ajiye shi, majalisa tana hanawa. Su wa ke gaba a lokacin? Sanata John McCain na Arizona, jihar da babban sansanin A-10 yake, a Tucson. Sanata Kelly Ayotte, mijinta tsohon matuƙin A-10 ne. Martha McSally ita da kanta ta tuƙa shi, kuma yankin Tucson ta wakilta a majalisa. Ban ce ba su da gaskiya ba, amma kowa ya san sansani aikin yi ne ga masu zaɓe. Tun 2007 aka ba Boeing kwangilar sababbin fukafukai 173, ana cikin wannan ja-in-ja aka gama sa su a 2019, aka sake ba da wata kwangilar a shekarar. Sai a kasafin 2023 majalisa ta yarda a cire 21, a na 2024 aka ƙara 42. Jirgin da aka yi wa sabon fiffike jiya, yau yana shan rana a hamada.

Nura: To ai hujjata ce wannan. An riga an kashe kuɗin, me zai sa a zubar?

Aliyu: Ni tambaya gare ni. Tunda ba sa so, me zai hana su sayar wa Najeriya? 'Yan bindigar daji ba su da makamin kakkaɓo jirgi irin na Yukiren.

Malam Habu: Aliyu, A-10 ba a taɓa sayar wa wata ƙasa shi ba, kuma da ka san wahalar kayan gyaran jirgin da aka daina ƙerawa shekara arba'in da ba ka so mana ba. Super Tucano goma sha biyun da suka iso a 2021 wannan aikin suke yi, a hankali, ƙasa-ƙasa, da kuɗi kaɗan. Harin sama da ya faɗa kan fararen hula a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023 kuma ba rashin babbar bindiga ya jawo shi ba, rashin tantance wanda ke ƙasa ne.

Injiniya Bashir: Kun ga Malam ya dawo layina. In abokin gaba ba shi da kariya, Tucano ko MQ-9 ya wadatar. In yana da ita, A-10 ba zai dawo ba. Ina gurbinsa?

Malam Habu: Ban dawo ba tukuna. Akwai tsakiya: mai manyan bindigogi a bayan mota da 'yan tankoki, irin ISIS a Siriya da Iraƙi, inda aka tura A-10 tun ƙarshen 2014. Tucano ba ya ɗaukar dukan da shi yake ɗauka, ba ya ɗaukar kayan da yake ɗauka.

Injiniya Bashir: Kuma saboda wannan tsakiyar za a riƙe makanikai da matuƙa da sansanoni, alhali ana neman masu gyaran F-35 ido rufe?

Nura: Eh, a riƙe ko runduna biyu ce.

Sadiya: Runduna biyu ma sai da makarantar horo da rumbun kayan gyara. Nura, faɗa mana wane jirgin za ka soke a kasafin don ka biya wannan.